An Ba Masara Ɗakin Raudatu

Ranar da aka kwashe kayan Raudatu daga ɗakinta ina tsaye jikin katanga, ta wajen da ruwa ya zaizaye har ana hango tsakar gidansu daga namu. Kuɓewar da na shanya nake dubawa, ido ne kawai ba ya zama inda aka ajiye shi. 'Yan dako suna shiga da buhunan masara, suna fitowa da gado da labule da kwalla. Ita kuwa tana zaune kan turmin da aka kife, hannuwa a cinya, tana kallon ana jibge samirunta kusa da turken awaki.

Raudatu matar Mannir ce, ƙanen Alhaji Almustapha. Gidansu ɗaya a nan Dayi, gandunsu ɗaya. Abin da Alhaji ya faɗa shi ne magana, Mannir kuwa ko atishawa ta zo masa sai ya dubi fuskar wansa tukuna.

Yarinyar tana da ciwon gaɓoɓi. Da safe yatsunta sukan ƙage, gwiwoyi su kumbura su yi zafi, ɗaurin zane ma sai da haƙori. A gidan an ce sanyi ne, an ce sammu ne, matar Alhaji ta ce son jiki ne. Da abin ya ƙi, wanta Awaisu, direban babbar mota, ya sayar da bijimin gidansu can wajen Danja, ya ce a kai ta babban asibiti a Zariya. Ni aka ɗauka 'yar rakiya, don ba ni da aikin da zan bari, kuma ban taɓa ƙin tafiyar da za a ga mutane ba. Mannir ma ya zo. Ina so ku riƙe wannan, da ƙafarsa ya zo, da kunnuwansa biyu.

Likitar mace ce, siririya, Hausa a bakinta kamar 'yar Bakori. Ta sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, sannan ta zaunar da mu.

Ta ce, “A jinin kowa akwai ƙwayoyi masu gadi. Wani jinsinsu ana ce musu ƙwayoyin Bi. Aikinsu su gane baƙon ciwo, su ƙera masa makami, su riƙe kamanninsa don gaba. To na Raudatu sun rikice. Sun ɗauki gaɓoɓinta a matsayin baƙo, a kansu suke ƙera makamin. Shi ne kumburin nan.”

Na ce, “Wato karen gida ne ya haukace ya koma cizon masu gida.”

Ta yi dariya ta ce, “Gwaggo Kande, kin rage mini aiki. Maganin da za mu sa mata ta ƙarin ruwa zai kwashe su, amma ba ya zaɓe. Mai cizo da mai gadi duk zai kwashe, sai bayan watanni sababbi su taso. Ƙwayoyin da za ta riƙa sha ma suna rage garkuwar jiki. Kafin nan gidan ba kare, kowane ɓarawo zai iya shiga.”

Ta juya wajen mijin. “Malam Mannir, kada ta kwana ɗaki ɗaya da mai tari. In zazzaɓi ya zo kada ku jira ya wuce, ku kawo ta. Akwai mai tari a gida?”

Ya ce, “Babu.”

Na ce, “Inna Hajo fa?”

Ya harare ni. “Wannan ai tarin tsufa ne.”

Likita ta ce, “Tsufa ba ya tari. Ku kai ta asibitin da ke kusa da ku a duba ƙirjinta, kyauta ake yi. Ka ji?”

“Na ji, likita.”

Inna Hajo ita ce mahaifiyar su Alhaji da Mannir. Tun damina take wani tari mai zurfi, irin wanda kana ji daga waje sai naka ƙirjin ya amsa. Ba a kai ta ko'ina ba.

Aka yi wa Raudatu ƙarin ruwan, muka dawo, muka koma aka yi na biyu. Kafin dawa ta nuna sai ga kumburi ya saɓe. Wata rana na same ta tana matse wanki, tana matsewa tana dariya ita kaɗai. Ta miƙo mini yatsun ta ce, “Gwaggo, duba, nawa ne.” Har kitso ta yi mini, duk da kan nawa ba wani abin kamawa.

Sai kaka ta zo, masara ta yi albarka har ta rasa wurin kwana. Yanzu ba mai barin hatsi a rumbun bayan gari, kowa cikin gida yake jibgewa ya jira farashi ya tashi. Aka duba ɗakunan gidan, na Raudatu ne mai daɓen siminti da sabon kwano, ba laima, ba gara. Alhaji ya ce a ba masara. Mannir ya koma shagon zaure. Raudatu kuma aka ce ta koma wajen Inna, dama tsohuwa tana bukatar mai miƙa mata ruwa.

Na yafa gyale na zagaya ta ƙofar gida. Alhaji yana zaure a kan darduma yana kallon 'yan dako. Ni na yi masa wanka tun yana jan nama, don haka ba na jin nauyin rawaninsa.

Na ce, “Alhaji Almu, sannu da arziki. Ashe bana masara ce amaryar gidan.”

“Gwaggo kenan. Kin fara.”

“Ban fara ba tukuna. Likita ta ce kada yarinyar nan ta kwana da mai tari. Ƙanenka yana wurin.”

“Likita ba Allah ba ce. Ciwo ba ya tsallaka wa mutum sai an rubuta masa.”

“To masarar ma in an rubuta gara za ta ci, ko a sama ka rataye ta. Ka bar ta a tsakar gida mana.”

Ya gyara hula. “Wannan daban. An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.”

“Raƙumi kawai ake ɗaurewa? Falonka fa, mai kujerun nan da ba a cire musu leda ba?”

“Falon baƙi ne.”

“Baƙi nawa ka yi tun sallah?”

Ya ce, “Gwaggo, so kike a ce matar gida tana ƙyamar uwar mijinta? Wace tarbiyya ke nan? Ai lada ma muka nema mata. Kuma ba ta warke ba? Jiya na ga tana daka. 'Yan watanni ne kawai, farashi na motsawa za mu sayar.”

Na sami Mannir yana ɗinke bakin buhu. Kafin in buɗe baki ya ce, “Gwaggo, Yaya ya riga ya yanke.”

“Kai aka tambaya a Zariya ko Yaya?”

“Uwata ce fa. In ce matata ta fi ƙarfin kwana da uwata?”

“Ka ce uwarka a kai ta asibiti. Wannan ma kunya ce?”

“Sai an gama kaka.”

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Basilla tana shiga tana fita, kansa a ƙasa.

Ɗakin Inna Hajo na ƙasa ne, tagarsa ɗaya, ita ma an toshe ta da tsumma saboda tsohuwa tana jin sanyi. Ga kaskon garwashi kullum a ciki. In ka shiga sai ka ji iskar ta tsufa. Tabarmar Raudatu tana gindin gadon, kusa da gwangwanin da Inna ke tofa kaki. Ita ke wanke shi safe da yamma.

Inna Hajo ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Tare muka yi 'yan matanci, ta fi ni kunya, na fi ta baki. Da na shiga ta kamo hannuna ta ce, “Kande, faɗa musu su fitar da yarinyar nan. Ni na san abin da ke ƙirjina ba na alheri ba ne. Na faɗa wa Almu, ya ce rikicin tsufa nake.”

Raudatu ta ce, “Haba Inna, wa zai ba ki ruwa?”

Na ce, “Ki dawo ɗakina ki riƙa kwana. Ni kaɗai ce sai kaji.”

Ta girgiza kai. “Matar aure ta kwana a maƙwabta? Gobe a ce na yi yaji a kan Inna.”

“To a kira Awaisu.”

“Yana Kudu da mota. Kada a haɗa su faɗa, Gwaggo. Ya riga ya rasa bijiminsa a kaina.”

Ta hana ni lambar wayarsa. Sai na bi ta tasha, duk direban da ya tsaya shan shayi na ba shi saƙo, in ya ga Awaisu ɗan Danja ya ce ya zo ya ga ƙanwarsa. Saƙon baki kuwa kun san shi, yana tafiya yana hutawa.

Da farko gyaran murya ne kawai. Sai Raudatu ta fara ɗan tari tana rufe baki da gefen zane don kada a ji. Daga nan zazzaɓi, kullum la'asar ta yi sai jiki ya ɗauka, ta wayi gari rigarta sharkaf da zufa. Mannir ya je kemis ya sayo mata ƙwayar zazzaɓi a ƙullin leda.

Na tare shi a bakin rijiya. “An ce in zazzaɓi ya zo kada a jira.”

“Na sauro ne, Gwaggo. Kowa yana yi.”

“Ranar komawarku Zariya ma ta wuce.”

“Yaya ya ce sai an sayar da masara.”

“Yaushe?”

“Farashin bai kai ba.”

Farashin bai kai ba. Duk ranar kasuwa Alhaji yakan hau babur ya je ya ji, ya dawo ya leƙa ɗakin masarar. Da idona na ga yana shafa buhuna, yana sunsuna su, yana sa a ɗaga na ƙasa a duba ko laima ta taɓa. Ya sayo maganin ƙwari aka jefa, aka liƙe taga, ya sa kwado. Ɗakin uwarsa yana nan ƙetaren tsakar gida, daga bakin ƙofa yake cewa, “Inna ya jiki?” ya wuce kafin ta gama tarin da za ta amsa.

Matarsa ma ta daina shiga. Takan dire kwanon tuwo a dokin ƙofa ta tura shi da ƙafa. Na ce mata, “Hajiya, ƙafarki ta koyi aikin hannu.” Ta ce sauri take, ta bar tukunya a wuta.

Raudatu ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa. Duk da haka ita ce ke tayar da Inna, ta jingina ta, ta goge mata baki. Su biyu suna tari, wannan ta ajiye wannan ta ɗauka, har na koyi bambance su ta katanga. Na Inna mai nauyi ne, na yarinyar busasshe, ƙarshensa da ɗan nishi.

Na sake komawa wajen Alhaji. Wannan karon bai ce Gwaggo kenan ba. Ya ce, “Kowa ya ji da gidansa. Tun da kika bi su Zariya kin zama likita. Lafiyarta lau da ba a kai ta an zuba mata ruwan Turawa ba. Su suka kashe mata jini, yanzu a ce mu ne.”

Na ce, “Kun ji gargaɗin kun take, yanzu laifin na mai gargaɗi ne.”

Ya tashi ya shiga falonsa ya rufe.

Inna Hajo ta rasu wata safiya, kanta a cinyar Raudatu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Aka kai ta kafin rana ta take.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. Alhaji mutum ne mai jama'a, abokan cinikinsa na Funtua da Malumfashi za su zo gaisuwa da matansu. Maza a falo da ƙofar gida. Matan fa? Ba za a zaunar da hajiyoyi a ɗakin ƙasa ba. Kafin azahar aka kira 'yan dako, aka kwashe masarar nan kakaf zuwa shagon wani maƙwabci, wanda ashe tun kaka yake a rufe ba komai ciki. Aka share, aka buɗe taga, aka yi turare, aka shimfiɗa kafet. Aikin da aka ce mini ba ya yiwuwa, ko rabin yini bai cinye ba.

Na ce a raina, to ko banza yarinya ta samu ɗakinta. Na duba cikin mata ban gan ta ba. Na duba ɗakin Inna, an rufe. Na tambayi matar Alhaji.

Ta rage murya ta ce, “Tana baya, ɗakin da muke ajiye harawa. Kin san tari abin ɗauka ne, Gwaggo. Ga baƙi, wasu da goyo. Alhaji ya ce kada a shiga hakkin mutane.”

Na dube ta har ta kawar da kai. Na ce, “Yau ya fara zama abin ɗauka?”

“Ni dai abin da aka ce mini na yi.”

Na sami Raudatu kwance kan buhu tsakanin damman harawa, akuya tana leƙo ta. An ajiye mata ruwa a kofin roba can nesa da hannunta. Ba ta yi maganar kanta ba. Cewa ta yi, “Gwaggo, ko addu'a ba su bari na zauna an yi da ni ba. Ni fa na rufe mata ido.”

Na ba ta ruwan, na koma ɗakin kafet na zauna a tsakiya. An daɗe ana ce mini mai bakin ganga, ranar na ga amfaninsa.

Wata hajiya mai haƙorin Makka ta ce, “Ya haƙuri, Gwaggo? Ta daɗe tana jinya?”

“Ta daɗe, Hajiya. Tari ne, tun damina. Ba a samu sukunin kai ta asibiti ba, kin san hidimar masara.”

Hajiyar ta gyara zama.

“Allah sarki. Wa ya yi jinyarta?”

“Mai wannan ɗakin da kuke ciki. Likita ta ce garkuwar jikinta a kwance take, kada ta kusanci mai tari, sai aka ba masara ɗakin aka kai ta can. Yanzu ta ɗauka, tana wajen awaki don kada ta shafa muku. In kuna son yi mata gaisuwa in raka ku, ba nisa.”

Matar Alhaji ta ce, “Gwaggo, makoki ake.”

Na ce, “Na sani. Gudun na biyu nake.”

Ba wadda ta tashi ta bi ni, kada in yi musu ƙarya. Mai goyo dai ta ja mayafi ta rufe ɗanta. Amma kafin la'asar magana ta fita ƙofar gida, daga can ta hau mota.

Ranar sadakar uku Awaisu ya iso. Ya yi wa maza gaisuwa, ya ce yana son ganin ƙanwarsa. Mannir ya ce barci take. Na ce, “Zo in nuna maka inda take barcin.”

Ya tsaya a ƙofar ɗakin harawa ya dube ta. Sai ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ta, ya ɗauke ta kamar yarinya ƙarama, ya bi ta zaure da ita, ta gaban jama'a.

Alhaji ya miƙe. “Malam Awaisu, ana zaman makoki za ka fita da matar mutane? Me duniya za ta ce?”

Awaisu ya ce, “Alhaji, ga duniyar nan zaune a tabarmarka. Tambaye ta.”

Ba wanda ya ɗaga kai. Mannir yana riƙe da farantin dabino, bai ajiye ba, bai matso ba.

A asibitin Malumfashi aka ce tarin fuka ne, ya ci gefe guda na huhu. Aka ɗora ta kan magani na watanni, aka ce duk mutanen gidan su zo a duba su. Wannan karon Alhaji ne a gaban layi, da 'ya'yansa a jere. Likitar Zariya kuma ta ce dole a dakatar da maganin gaɓoɓi, ba wani ƙarin ruwa sai ƙirji ya warke, don ba a ƙara kwashe masu gadi alhali ɓarawo yana ciki. Ƙwayoyin Bi suka taso sababbi, wasu da tsohon halinsu. Yatsun da suka yi mini kitso sun koma sun lanƙwashe, uwarta ke ba ta abinci a baki.

A unguwa yanzu ana cewa ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, na girme su a yarda da ita. Amma ban ga ƙaddara ta ɗauki buhu a ka ba, 'yan dako na gani, kuma na san wanda ya kira su. Mutumin da ya san laima tana ɓata hatsi, ya san ƙwaro yana bi daga buhu zuwa buhu, kada ya ce mini bai san tari yana bi daga ƙirji zuwa ƙirji ba. Ya sani. Ya auna ne ya ga wanne ya fi masa ciwo in ya lalace. Kuma ba gidan Alhaji kaɗai ba ne. Ku zagaya Dayi da kaka ku ga ɗakin wa ake fara kwashewa. Ba a taɓa farawa da na mai gida ba.

Da damina ta faɗi na je Danja duba ta. Tarin ya yi sauƙi, ta ɗan yi kumari, tana zaune a inuwar ɗorawa hannuwanta naɗe cikin zane. Muna cikin hira sai ga Mannir da ledar sabulu da lemo, ya zo biko. Ya durƙusa ya gaida surukarsa, ya gaishe ni a daƙile, sannan ya matso.

Ya ce, “Yaya ya ce a gaishe ki. An sayar da masarar. An yi wa ɗakin fenti, an mayar da gadonki. Ya ce duk ranar da kika shirya.”

Raudatu ta dube shi, ba fushi a fuskarta. Ta ce, “Bana ba ku yi shuka ba?”

“Mun yi mana. Har mun ƙara gona.”

Ta ce, “To Allah ya ba da albarka.”

Ta juya ta ce wa uwarta ta taimaka mata ta tashi, rana ta iso inda take. Mannir ya zauna da ledarsa a hannu har aka kira la'asar, ba wanda ya karɓa.